Kyamarori Biyu da Hoton Inna Tabawa

Ku matso ku ji labarin Nomau. A ƙauyenmu Ɗinya Biyu, in ka wuce rijiya ka yi gabas, gida na ƙarshe mai rusasshiyar katanga shi ne gidan Inna Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya uku. Babban shi ne Sallau mai hoto, wanda ba a suna, ba a biki, ba a dambe a yankinmu sai ka gan shi da kyamara a wuya. Mai bi masa Lantana, aure ya kai ta Garwa ta ƙasar Kamaru, ta hayayyafa a can, yaranta ba su taɓa ganin kakarsu ba. Autan shi ne Nomau, ƙato da gemunsa, ga ƙarfi kamar bijimin sa, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Shi ke ɗaukar wa Sallau jaka, kuma a jikin kyamara maɓalli ɗaya tak ya sani, wanda in an danna yake cewa ƙas.

Abin da ya fi ba ni haushi da gidan nan, Sallau ya ɗauki hoton kowa a garin, har jakin mai unguwa, amma babu hoton uwarsa ko ɗaya. Duk direban da ya taso daga Garwa da saƙon Lantana yake zuwa, cewa a aiko mata da hoton Inna yara su san fuskarta. Samari sun sha zuwa da wayoyinsu, Inna ta juya musu ƙeya.

"Na haifi mai hoto da cikina, sannan in zauna wa wayar ɗan wani? Ɗana ne zai ɗauke ni, in ba haka ba a bari."

Shi kuwa Sallau kullum sai gobe. Ga shi a daminar da nake ba ku labari tari ya kama Inna, tana ta ƙarewa kowa yana gani.

Abin da ya dami Sallau daban ne. Kyamararsa tsohuwa ce, babba, baƙa, mai nauyi, irin wadda ake kwance mata ido a ɗaura wani. In kusa da mutum ne ba ta da ta biyu, ko a inuwa tana fitar da fuska tas. Amma a filin dambe sai ya kutsa cikin taro ya sha turereniya da tokari kafin ya samu hoto. Sai Alhaji Barmo, mai kayan lantarki a kasuwar Laraba, ya nuna masa wata ƙarama mai shiga aljihu, wadda in ka taɓa ta hancinta ke miƙewa ta jawo abin da ke nesa har gabanka. Ya ce ya tafi da ita ya gwada zuwa ƙarshen wata. In ta yi masa, ya kawo tsohuwar da katin da ke cikinta a yi musaya, don irin katin nan ya ɓace a kasuwa. In ba ta yi ba ya dawo da ita. Tun daga ranar Sallau ya rasa sukuni, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya ajiye, uwarsa na tari a ɗaki.

Wata rana Sallau na nuna wa mutane ƙaramar a ƙofar gida, ya ce, "Wannan da kuke gani, duk nisan abu sai ta kawo maka shi kusa." Nomau ya ji. Da Sallau ya shiga wanka, Nomau ya ɗauke ta ya fita bayan gari, ya tambayi wani makiyayi ina ne Garwa, aka nuna masa. Ya saita ta can ya tsaya. Rana ta take, ta karkata, yana nan riƙe da ita hannu biyu, har batir ya mutu hancin ya koma ciki. Da la'asar ya dawo leɓe a bushe, ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, na so in jawo miki Yaya Lantana, amma ba ta zo ba."

Inna ta yi dariya har da hawaye, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Da ta ɗauke gefen zanenta daga baki, Nomau ya ga jini a jiki.

Wata rana Sallau ya yi wa Inna alkawari da safe cewa yau dai zai ɗauke ta, bari kawai ya gwada kyamarorin ya ga wadda ta fi. Inna ta lallaɓa ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ciro atamfar da take ɓoyo a ƙasan akwati, ta zauna kan tabarma a tsakar gida. Sallau ya ja Nomau zuwa gindin kukar bakin hanya.

"Tsaya nan. Kada ka motsa sai na ce."

Ya yi ta ja da baya yana ɗauka, da wannan, da waccan, har ya kai teburin mai shayi, aka tare shi da gardamar wadda ta fi. Daga nan wani ya zo da babur ya ɗauke shi zuwa wani suna a ƙauyen gaba, ya manta da ƙane, ya manta da uwa. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Nomau na tsaye, cinnaku sun hau ƙafarsa, bai ko sosa ba. Aka yi ta kiransa ya ce Yaya bai ce ba. Ƙarshe dai Inna ce ta fito da kanta cikin yayyafi, tana dafa bango, kwallin ya zubo mata a kumatu.

"Nomau, ni na haifi wanda ya ce ka tsaya. Na ce ka taho."

Sannan ya biyo ta. Daga wannan jiƙa da ta yi, Inna ba ta sake fitowa tsakar gida da ƙafarta ba.

Wata rana kunya ta ɗan kama Sallau, ya shiga ɗakin Inna da ƙaramar kyamara. Ɗakin nan irin na da ne, ba taga, ƙofa kuma gajera. Ya ɗauka, ya duba, baƙi ƙirin. Ya sake, sai dishi-dishi kamar an watsa toka. Ita tsohuwar kyamarar da za ta iya wannan aiki tana rataye a ɗakinsa, amma zuciyarsa ta riga ta fita daga kanta. Ya juyo kan Nomau da tsaki.

"Kai ma ka tsaya kana kallona! Je ka shigo mana da haske ɗakin nan."

Fitila yake nufi. Nomau ya fita ya duba, ya ga haske ya cika waje, bango ne kawai ya hana shi shiga. Ya ɗauko galma ya zagaya gabas ya rafka wa bangon. Kafin a riƙe shi ya ɓula rami wanda akuya za ta shige, ƙasa ta zubo kan gadon Inna, ƙura ta turnuƙe ɗakin, tsohuwa na neman shiɗewa. Sallau ya yi ta zagi har muryarsa ta dishe, ya sa kyamararsa a aljihu ya fice. Mu maƙwabta muka kwaɓa ƙasa muka liƙe, amma Inna ta ce a bar mata ɗan gurbi daga sama, tunda yaron ya sha wahala. Aka bar mata kamar faɗin tafin hannu, ana toshe shi da tsumma.

Wata rana aka buga gangar babban dambe a wani gari mai nisa, na kwanaki. Sallau ya ce a nan zai yanke shawara. Ya sa ƙaramar a aljihu, ya rataya wa Nomau tsohuwar.

"Ɓarayi sun yi yawa. Kada ka cire ta daga wuyanka sai na dawo. Ka kuma kula da Inna."

Haka fa aka yi. Da ita yake zuwa rijiya, da ita yake damun kunu, da ita yake sallah, in zai yi sujada ya tallabe ta da hannu ɗaya kamar mai goyon ciki. Wanka ma ya daina, don ya san ba ta son ruwa. Igiyar ta ci masa wuya har ta yi gyambo, ƙudaje na binsa, yara na binsa suna waƙa. Liman da kansa ya ce ya cire, ya ce Yaya bai dawo ba. Sauran lokacinsa duk a ɗakin Inna yake, yana mata fifita, yana juya ta in gefe ya gaji. Wani sa'in da hantsi in mun wuce ta bayan ɗakin mukan ji ƙas, ƙas, mu ce wawan nan zai lalata wa ɗan'uwansa kaya.

Wata rana Sallau ya dawo baki har kunne. Daga kan wata bishiya ya ɗauki damben duka, har gumin goshin 'yan dambe ya fito. Ya leƙa Inna daga bakin ƙofa ya ce sannu, ya ce da ta ɗan ji sauƙi za a fito da ita waje a ɗauke ta da sabuwa. Ranar Laraba ce, ƙarshen wata, shi kuma yana da masu jiran hoto, sai ya aiki Nomau.

"Kai wa Alhaji Barmo tsohuwar nan. A hannunsa za ka sa ta, ka ji ko? Hannunsa, ba na kowa ba."

Nomau ya taka har kasuwa. Ashe Alhaji Barmo ya faɗi a babur, hannun damansa ya karye, an yi masa ɗori an rataye shi a wuya. Ya ce a miƙa wa mai jiran shago, Nomau ya ce a'a. Ya ce to ajiye kan tebur, ya ce a'a. Alhaji ya miƙo hagu, Nomau ya ja da baya ya rungume kyamara.

"Inna ta ce ba a ba babba abu a hagu. Sai ka warke, Alhaji."

'Yan kasuwa suka fashe da dariya. Alhaji ga ciwo ga haushi, ya ce iskancin banza ne, Sallau ya turo masa mahaukaci don ya raina shi. Kafin Nomau ya iso gida, ɗan acaɓan da Alhaji ya aiko ya riga shi, ya karɓe ƙaramar, ya ce an fasa musayar. A tsakar gida Sallau ya tare ƙanensa da mari, ya ƙara masa, yana cewa ya kashe masa sana'a, da ma shi aka rasa da kowa ya huta. Nomau bai kare fuskarsa ba, kyamarar ya kare. Inna na ji daga ɗaki, ba ta da muryar da za ta hana. Washegari da hantsi ta cika, kanta a cinyar Nomau.

Lantana ba ta samu jana'iza ba, sai ranar sadakar uku ta iso da autarta a baya. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta dubi Sallau.

"Yaya, ba ni hoton Inna in gani."

Na ga mutane cikin kunya iri-iri, amma ban taɓa ganin fuska irin ta Sallau a ranar ba. Lantana ta gane, ta ɗora hannu a ka.

"Shekara da shekaru ina roƙonka! Me zan nuna wa yara? Ni kaina fuskar ta fara ɓace mini."

Sallau ya tashi ya shige ɗakinsa kamar wanda aka kora. Tsohuwar kyamara na kan gado. Ya ɗauke ta, ya ce gobe da kansa zai je ya ba Alhaji haƙuri ya rabu da ita, ba ya son sake ganinta. Ya kunna don ya share abin da ke cikin katin, kamar yadda Alhaji zai yi da a ce ta shiga hannunsa ran Laraba. Sai ya ga hoton rufin ɗaki. Ya wuce, ƙafar Nomau. Ya wuce, rabin kwanon kunu, sai wata kaza a bakin ƙofa. Ya wuce, sai ga Inna.

Tana zaune ta jingina da bango, cikin atamfar nan tata, da kwalli a ido. Hasken hantsi ya shigo ta gurbin da Nomau ya ɓula, ya sauka a gefen fuskarta, duk wani layi na tsufa ya fito, har tsagar da ke kumatunta. Ta rame ƙwarai, amma dariya take yi, irin wadda take yi in Nomau ya yi wata wautar.

Sallau ya fito tsakar gida, ya miƙa wa Lantana. Ta duba, ta zauna daɓas a ƙasa, ta kwance goyonta ta juyo da yarinyar tana nuna mata. Sallau ya dubi Nomau, wanda har yanzu shatin mari ke fuskarsa, gyambon igiya ke wuyansa.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Inna ce ta ce in cire tsumman gurbi in danna. Na ce mata ai kin ce ɗanki ne zai ɗauke ki. Ta ce ni ma ita ta haife ni."

Sallau ya durƙushe a gabansa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Nomau bai gane dalilin kukan ba. Ya leƙa ta kafaɗar Lantana, ya daɗe yana kallon fuskar uwarsa a ɗan gilashin, sannan ya taɓa ɗan'uwansa a hankali.

"Yaya, ka yi kuskure fa. Wannan ce mai jawo na nesa. Ga Inna ta dawo."

Iyakar abin da na gani da idona ke nan. Kyamarar tana nan har yau a gidan, rataye a ɗakin Inna kusa da gurbin, kuma ba wanda ya sake zancen liƙe shi.