Ranar da Mai Girma Ya Fesa Maganin Asma a Hammata

Jama'a, jiya na ga abin da ya fi ƙarfin bakina. Da sassafe Ya Kellu, matar maƙwabcina Ba Ajimi tela, ta buga min ƙofa a Bulabulin. Asmar mijinta ta tashi, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon keken ɗinkinsa. Inhelarsa kuwa, ɗan gwangwanin nan da ake fesawa a baki, an ƙwace ta a shingen bincike. Wai ƙarfe ce, kuma tana yin "fis".

Babur an hana, sai muka lallaɓa da shi asibitin unguwa a Keke Napep. Sista Naomi ta kasa kunne a ƙirjinsa ta ce, "Salbutamol yake buƙata, maganin da ke cikin inhela. Yana taɓa inda sinadarin jiki adirenalin ke taɓawa idan mutum ya firgita, sai hanyoyin iska su buɗe."

Na ce, "Sista, in firgita ce magani, ai mu 'yan Maiduguri mun warke tuntuni."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta nuna mana kwalaye cike da maganin, an ɗaure su da jan ƙyalle, ga ƙato yana gadi. Wai tallafi ne, ba a taɓawa sai babban ɗan siyasar nan, Mai Girma Uban Masu Numfashi, ya zo ya yanke ƙyallen.

Bayan azahar ya iso da jiniya, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ba Ajimi na shaƙa idanunsa suka firfito, magana ta gagara. Wallahi sai na fara salati.

Mai Girma ya yi jawabi mai tsawo kan lafiyar talaka, ya yanke ƙyalle, ya ɗauki inhela guda ya girgiza. Kun san mu da turare. Bawan Allah ya ɗaga babbar riga ya fesa a hammatar dama, ya fesa a ta hagu, ya ƙara wa hula. 'Yan rakiya suka ɗau tafi, "Masha Allah, ƙamshi!"

Ya shinshina, ya ɓata fuska. "Ƙamshin me? Wa aka ba wannan kwangila?"

Ya Kellu ta ce, "Ranka ya daɗe, kawo in duba maka." Ta fizge ta cusa a bakin mijinta. Fis, fis. Can sai ƙirjin ya lafa, Ba Ajimi ya ja iska ya ce, "Alhamdulillahi."

Shi kuwa Mai Girma, saboda tsabar son talakawa, ya rantse ba za mu fesa jabu ba. Ya sa aka loda kwalayen kaf a mota, a mayar wa ɗan kwangila ya kawo mai ƙamshi. Sista Naomi ta bi motar tana ihu, jiniya ta shanye muryarta.

Yanzu inhela ɗaya ce tak a layinmu, tana ƙulle a bakin lafayar Ya Kellu. Mai asma ya je ya roƙe ta. In an tare ku a shinge, ku ce turaren manya ne, ba mai taɓawa.