Fiffiken da Ya Fi Son Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sutanansina, wato ranar da ɗalibi ke kare aikin bincikensa gaban malamai. Nawa aikin shi ne kwaikwayon yadda iska ke bi ta kan fiffiken jirgin sama a cikin ordinater, wato kwamfuta, da lissafin hargitsin da take yi a bayansa. (Ni da ban taɓa shiga jirgi ba, amma a gidanmu na Kalley har an fara tambayata kuɗin kujerar Makka.)

Lissafin hargitsin iska iri-iri ne, kowanne da inda ya dace. Ni, da yake gwani ne, na zaɓi wanda ya fi ba da launi mai kyau. Ja nan, shuɗi can, iska na murɗawa kamar zanen atamfa. Sai na gayyato dangi kaf, har da Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya rufe shagonsa ya sha babbar riga.

Na haska hoton a bango, ina zuba Faransanci ina kaɗa hannu. Dangi ba sa jin ko kalma, amma tafi suke.

Shugabar malaman, wata farfesa mai sanyin murya, ta gyara tabarau.

"Malam injiniya, wannan ɗan layin da ke gaban adadin ƙarfin ɗagawa, mene ne?"

"Ado ne, Madam," na ce. (Wallahi haka na ce.)

"Alamar ragi ce. Ka kifa fiffiken. Iskarka ba ɗaga jirgin take ba, danna shi take ƙasa."

Gumi ya jiƙa min kwat ɗin aro. Kawu ya ga an daina tafi, ya taɓo ƙanwata ya ce ta fassara masa. Ita kuwa, Allah ya saka mata, ta fassara da ƙarfi yadda na bayan ɗaki ma zai ji.

Kawu ya jinjina kai, ya ce, "To ai ba laifi, Madam. Jirgin ƙasa yaron ya ƙera. Shi ma muna bukata."

Har farfesar sai da ta kifa kai a tebur don dariya. Aka ce in gyara in dawo.

Na gyara, na dawo, na ci, ni kaɗai ba ɗan rakiya. Abin da na koya: hoto mai kyau kyan ɗan maciji ne, kuma kafin ka tara dangi kallon tashinka, fara duba ina ka dosa.