Mannir Injiniya da Abin Wuyan Sarauniya

"Ni Mannir, in na aza wanga inji bisa ƙasa, ko allurar kakar kakanka ta ɓace sai ta amsa sallama. Ku ba ni zuwa kaka, sai kun nemi izini kahin ku zauna benci guda da ni."

Haka Mannir yake cika baki a teburin mai shayi a Gusau, rungume da wata sanda mai faifai a gindi, wadda take kuka idan ta ji ƙarfe a ƙasa. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya. 'Yan teburi kuwa Gafiya suke ce masa.

Abin da bai faɗa musu ba, injin markaɗen matarsa Suwaiba ya sungume tana gidan biki, ya yi musaya da wani mai haƙar zinariya. Ta dawo ta ga wuri wayam, ta ja mayafi sai gidansu a Furfuri. Uwarta Inna Lantana ta aiko da saƙo gajere: ba inji, ba Suwaiba. Mannir kuwa yana son matarsa, wannan ba ƙarya, har wandonsa ya fara yi masa yawa. Amma da ka ce ya je ya ba da haƙuri sai ya ce wa, shi? Da zinariya zai je biko.

Ya fara da wani kufai a Tsafe. Ya sayi takalman gwanjo irin na ma'aikatan gini, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, yana taku ɗai-ɗai kamar mai neman kunama. A gindin wata rusasshiyar katanga inji ya kwarma ihu. Mutuminka ya tona, ya ga kan ƙarfe, ya yi bisimilla ya fizgo.

Turken jaki ne. Jakin yana bayan katanga, igiya a ƙafa. Ya ji an sake shi, ya yi wa Injiniya godiya da ƙafar baya, ya nausa gonar gyaɗa. Sai la'asar suka kamo shi, mai jakin na zagi, Mannir na ɗingishi.

"Jarrabawa ce," in ji shi a teburin shayi. "Dukiyar mutanen da ba ta son gaggawa."

A Bungudu kuwa abin ya yi albarka har ya ba shi tsoro. Duk inda ya taka, kuka. Ya tona nan, ya tona can, har mai gonar, Sama'ila, ya shimfiɗa buzu a inuwa yana cewa, "Matsa gaba kaɗan, Injiniya, ka daidaita layi." Da azahar ya tuɓe takalma zai yi alwala, ya gwada inji ba takalmi, shiru kake ji. Ya kai shi kan takalman, ihu. Ashe ƙarfe ne a bakinsu, tun safe ƙafarsa yake farauta. Sama'ila ya dasa mangwaro a ramukan, ya sa masa albarka.

Da wani ne, da ya haƙura. Mannir sai ya tuna tsohon gidan kakannin Suwaiba a bayan Furfuri, wanda yanzu gonar surukinsa Malam Arzika ce. Ya lallaɓa ba sallama, wannan karon da silifa.

Nan fa ƙasa ta buɗe baki. Cokali, murfin kwano, kan tocila. Ya juya cokalin yana mamaki. "Ikon Allah. Ashe mutanen da ma irin cokalin gidana su ka ci da shi."

Sai ga babban kamu: wani faifan ƙarfe mai nauyi, da huda a tsakiya, da zane-zane layi-layi kewaye. Ya wanke shi da toka da lemun tsami, ya zura masa igiya, ya naɗe a sabon rawani, ya gayyato 'yan teburin shayi su zo su ga yadda manya suke biko.

A zauren Malam Arzika ya durƙusa ya gaida surukai, sannan ya warware rawani a hankali.

"Baba, wanga abin wuyan sarauniya ne. Dubi zanen, rubutun mutanen da ne. Na kawo ma Suwaiba."

Malam Arzika ya ɗaga, hannu ya rinjaya. "Sarauniyar ga wuyan raƙumi gare ta? Ina ka samo shi?"

"Kuhwan gidanku, Baba. Shekara ɗari shina jirana."

"Gonata? Ai ba abin da ac cikinta sai takin bolar gidanka da ni ka kwasowa Gusau duk bazara. Bana ma kai ka kama muka loda ma mota."

'Yan teburi suka fara tari. Suwaiba ta leƙo ta bayan labule, ta dubi kayan sarauta sau ɗaya.

"Dutsen injina ne, Baba. Wanda ya cinye bara, na ce a kai sassaƙa, ya ce ya mutu, ya jefa bola da hannunai."

Mannir ya yunƙura zai fice. Ya dubi ƙofa, abokai sun tare ta suna riƙe da ciki.

Inna Lantana ta miƙo hannu ta karɓi faifan, ta juya shi, ta ajiye a gefen tabarma.

"Madalla, Injiniya, an hwara. Ga dutse ya iso. Koma ka ci gaba da tono, ran da ka tono sauran injin sai ka zo ka ɗauki matarka."