Wakilin Ango a Cikin Rumbu

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Bukar ba. Ni ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba, don haka ni ya wakilta in karɓa masa auren. Yarinyar 'yar wani ƙauye ce a bayan Makoɗa, mahaifinta kuwa, Malam Iliya, manomi ne da ba ya son wargi. Tun farko bai yi na'am da mu ba. A ganinsa mu 'yan kasuwar birni ne, asalinmu kuma Barno, bai san kakanmu ba. Sai da Bukar ya sha sintiri kafin dattijon ya sassauta, ya kuma kafa sharaɗi: a zo ranar Asabar bayan azahar, a zo a mutunce. In aka saɓa, kada a sake taka masa ƙofar gida.

Bukar bai bi mu ba, kunya irin ta angwayen zamanin da ce ta zaunar da shi a gida. Ya dai raka ni bakin mota yana cewa, "Yaya, don Allah kada a samu matsala." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai babba ne ya tafi.

A mota na cika wa abokan tafiya kunne da labari. Sana'ata kifi banda, kuma na sha zuwa saro shi can gabas lokacin da abubuwa suka yi tsanani. Na ji jirgin yaƙi ya wuce ta kaina, na kuma ga abin da ya bari a wani gari washegari. Wannan duk gaskiya ne. Gishirin da na ƙara shi ne wai ni ko gezau ban taɓa yi ba. (Allah Ya yafe mini, har ƙirji na buga.)

Muna dab da mararrabar ƙauyen sai ga soja a tsakiyar titi ya ɗaga hannu. An rufe hanya. Me ya faru? Ya ɗaga kafaɗa. Sai yaushe? Ya kalli gefe. Muka yi azahar a nan bakin titi, lokaci na ta tafiya. Wani mai facin taya ya nuna mini siririyar hanya ta cikin gonaki, ya ce in na miƙe zan ɓulla daidai ƙofar gidan Malam Iliya. Na bar sauran a mota, na tattare babbar riga na shiga.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi wani irin duhu mai ruwan toka, iska ta ɗauke ɗif. Wanda ya san ƙauyukan nan ya san ba a rasa motsi a cikinsu, gona manne da gona, gida na hango gida, kullum akwai babur ko jaki ko mai ƙwala wa wani kira. Ranar babu. Ko tsuntsu ban ji ba, sai takalmina da numfashina.

Can sai na fara jin wani gurnani ƙasa-ƙasa. A tafin ƙafata na fara jin sa kafin ya iso kunne. Na tsaya, na waiga hagu.

Wani abu ne yake tafiya a saman kawunan dawa. Dogon baya mai launin toka, wutsiya a tsaye kamar bangon ɗaki, da tambarin soja da ya koɗe a jikinta. A gaba gilasai ne baƙaƙe, kuma ban iya hango kowa a bayansu ba. Jirgin yaƙi ne, irin mai jefa bama-bamai. Amma ni na san jirgi, kafin ka ɗaga kai ya ɓace. Wannan sanɗa yake yi dab da ƙasa, a hankali kamar mai bin sawu, hancinsa na fuskantar ƙauyen. Ban ga fiffike ba, na ce dawa ce ta kare shi. Abu ɗaya ya faɗo mini a rai: maza na can sun taru a fili da fararen kaya, kuma wanda ke cikin jirgi bai san ɗaurin aure ba, taro kawai yake gani.

Ban san mai ƙiba irina yana iya gudu haka ba. Hula ta tafi, takalmi ɗaya ya bi ta. Na faso daga cikin dawa a tsakiyar dattawa, ga liman, ga goro a faifai, na buɗe murya:

"Jirgin yaƙi! Ga shi nan tafe! Ku watse!"

Babu wanda ya ce mini wane ne kai, babu wanda ya ce don me. Kafin in rufe baki fili ya zama wayam, sai tabarmi da takalma. Ni kuwa na afka gidan surukan ƙanena ba sallama, na ratsa ta cikin mata, na ci karo da wani rumbun ƙasa a jikin katanga. An cire masa jinka an share shi ana jiran sabon hatsi, ga tsani a jingine. Na hau, na ɗaga hannuwa sama, na zurma ta bakin kamar buhu.

A ciki duhu ne da warin tsohon hatsi. Sama da kaina ɗan zagayen sararin samaniya kawai nake gani. Garin ya yi tsit, ko jariri bai yi kuka ba. Gurnanin na matsowa, ƙasa na zubo mini a wuya daga jikin rumbun. Sai wutsiyar nan ta shigo cikin zagayen a hankali, ta tare rabin hasken, ta tsaya. Na rufe ido na yi kalmar shahada. Na tuna 'ya'yana. Na jira.

Abin da na ji shi ne hucin birki, sai ƙarar rufe ƙofar mota, sai wata murya: "Salamu alaikum! Ina masu gida? A taimaka mana da gatari, reshen darbejiyar nan ya tare mu."

Ina nan tsugune na ji mutane na fitowa ɗaya bayan ɗaya, na kuma ji bayanin da wani soja yake musu. Tsohon jirgi ne, ya daɗe da yin ritaya, ko inji babu a cikinsa. A kan doguwar tirela yake, fikafikansa na kan wata a baya. Za a kai shi wani wuri ne a yi gwaje-gwaje a kan ƙarfen jikinsa, babbar hanya kuma akwai gadar sama da ba zai wuce ta ƙarƙashinta ba, shi ya sa aka ratso da shi ta nan. "Baba, ai tantabaru ne suke kwana a ciki," in ji shi.

Sai wani ya ce, "To ina mutumin da ya yi ihun?"

Wallahi na yi niyyar in yi shiru har tashin duniya. Ƙaiƙayi ne ya ci amanata, na saki atishawar da ta amsa a rumbun kamar ganga. Jim kaɗan tsani ya motsa, wata fuska mai farin gemu ta rufe zagayen.

"Wane ne a rumbuna?"

"Ni ne, Baba. Wakilin ango."

Aka zuro igiya. Kai ya fita, kafaɗu suka fita, tumbi ya ce sam. Aka ja, na yi ƙara, aka mayar da ni. Wani ya ce a fasa rumbun, Malam Iliya ya ce girbi ya ƙarato, ba mai taɓa masa shi. Lokacin abokan tafiyata suka iso, don a bayan jirgin suka biyo (su ɗin dai da na buga wa ƙirji). Aka ce wani daga cikinsu ya karɓi auren, liman ya ce ango wannan ya wakilta, ba a canzawa sai in an ji daga bakin angon. Aka nemi Bukar a waya, babu sabis. Sama ta fara rugugi.

Malam Iliya ya sake leƙo ni. Bai ɗaga murya ba. "Na ce a zo a mutunce," kawai ya faɗa.

Nan na ji tsoron da ya fi na jirgin. Na ga auren Bukar yana zamewa, kuma ni zan koma in gaya masa dalili. Na ce, "Baba, ni na yi abin kunya, ba shi ba. Ka hukunta ni, ka bar yaron nan."

Can ya ce, "Da ka hango abin, me ya hana ka kwanta a cikin dawa? Ai can ya fi ɓuya."

"Na tuna kuna fili, Baba."

Fuskar ta janye daga bakin rumbun. Na ji yana sauka a hankali, sannan na ji muryarsa a ƙasa: "Liman, a kawo tabarmin nan ciki."

Haka aka kewaye rumbu aka ɗaura aure. Na ƙulle sadaki a bakin igiya aka ja shi sama. Da aka zo kan karɓa, na ce "Mun karɓa!" muryar ta fito kamar daga rijiya, har liman ya sarƙe. Aka shafa fatiha, sojoji ma suka ce amin, ruwa ya fara ɗigo mini a tsakar ka.

Fitowar ba sai na tsawaita ba. Na tuɓe babbar riga da 'yar ciki, aka zuro mini kwanon man gyaɗa na shafe cikina, majiya ƙarfi suka ja. Na fito ina sheƙi, daga ni sai wando, a gaban dangin amarya maza, matan kuma na bayan zana suna dariyar da har yau nake ji a kunnena.

Ana cikin dariyar tirelar ta tashi. Wutsiyar nan ta fara tafiya a saman katanga, sai dariyar ta mutu. Duk mun san babu inji, mun san tantabaru ne a ciki, amma ba wanda ya yi magana har ta nutse cikin dawa da ruwan sama. Wannan ne yake damuna in na tuna, fiye da man gyaɗar. Baƙo ya ce za a jefa wa ɗaurin aure bam, kuma a cikin dattawan nan kaf babu wanda abin ya yi wa kama da ƙarya.

Darasin da na koya dai shi ne tsoro yana rage wa mutum ƙiba wajen shiga, amma ba ya rage ta wajen fita. Bukar da matarsa suna nan lafiya da 'ya'yansu. Malam Iliya kuwa bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai duk kaka yakan aiko mini da dawa, da saƙon cewa daga ɗakina aka ɗebo.