Ɗan Gata a Bakin Rami

"Har ƙofar gida aka ce!"

"To ga ƙofar gidan can, ga ni nan. Ka ce wa ramin ya matsa."

Yayana ne da mai kawo kaya, yau da hantsi. Yaya yana wannan gefe, singileti da silifas, waya a hannu. Mai kawo kayan yana wancan gefe a kan babur, kwali ɗaure a baya, ko injin bai kashe ba. A tsakaninsu akwai ramin da hukuma ta haƙa mana a bakin layi. Magudanar ruwa ce, in ji allon da aka kafa. Allon ya yi tsatsa. Ramin kuwa kullum ƙara lafiya yake.

"Ni Ɗan Gata ne," in ji Yaya, yana ɗaga wayar sama kamar mai nuna takardun mota a shingen hanya. "Na shekara na biya."

"Ranka ya daɗe Ɗan Gata, ni ɗan talaka ne. Tun asuba nake layin mai. Abin da na samu bai kai in zagayo ta bayan makaranta ba. In za ka tsallako, bismilla. In ba za ka tsallako ba, in ce musu ban sami kowa a gida ba."

"Ba ka gan ni ba ne?"

"Na gan ka. A bakin rami na gan ka, ba a gida ba."

Yaya ya waiwayo ya dube ni. Na san kallon. A gidanmu duk gardamar da bakin Yaya ya fara, ƙafata ce take ƙarasa ta. Na naɗe wando, na gangara, na taka abin da ba na son in san sunansa, na hau, na karɓo. Da muka buɗe kwalin a tsakar gida, na'urar yanka dafaffen ƙwai ce a ciki. Mu da muke raba ƙwai da babban yatsa tun kaka da kakanni.

Wani mai karatu ya tambaye ni ko zama Ɗan Gata ya kai kuɗinsa, tunda an sake ƙara farashi. Ba ni da yawan magana. Zan gaya masa abin da na gani a gidanmu, ya yi wa kansa alƙalanci.

Ga wanda Allah ya kare bai sani ba: akwai kamfanin nan da ake sayayya a wajensa ta waya. Ka danna, a kawo. In ka biya wani kuɗi dunƙule a shekara, sai su sa maka suna Ɗan Gata, su ce daga yau kawo kaya kyauta ne, gobe-gobe, har ƙofar gida. Kyautar da sai ka biya. Goben da take kwana a layin mai. Ƙofar gidan kuwa kun ji inda ta tsaya.

Tun da Yaya ya shiga, farashin bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Duk saƙon ƙari da "saboda muna ƙaunarka" yake farawa. Ni dai ban taɓa ganin ƙauna mai tsada irin wannan ba. Wani lokaci su ce mai ne ya hau. Wani lokaci su ce haraji aka ɗora musu. Harajin da aka ɗora musu, a wuyanmu ya sauka, ko ruwa bai tsaya sha a wajensu ba. Bana kuma sun fito da wani sabon mataki, wai Ɗan Lele. Shi ya fi Ɗan Gata gata. Ashe ko a cikin 'ya'ya akwai ɗan mowa da ɗan bora.

Duk wannan da sauƙi. Matsalar ita ce lissafin Yaya.

Yaya gyaran firij yake yi. Mutum ne mai hankali, tun rasuwar Baba shi ne uba a gidan. Bai taɓa barin mu kwana da yunwa ba. Amma Allah ya halicce shi da ciwo ɗaya: ba ya son a ci shi. In ya biya kuɗin mota, sai an kai shi ƙarshen tasha ko da ya wuce inda za shi. To shi a ganinsa, tunda ya biya kuɗin kawo kaya na shekara, duk ranar da babur bai tsaya a bakin ramin nan da sunansa ba, kamfani ya ci shi.

"Yau ba su kawo mana komai ba," zai ce da yamma, ransa a ɓace. "Sun ci banza."

Sai ya danna.

Haka muka mallaki safar ƙafar kujera. Da tabarau na yanka albasa. Da fitila mai kiɗa, wadda ba ta haske sai ta yi waƙa. Da wani abu mai kama da kaguwa, wai na sosa kai. Umma ta ɗauka na kwashe toka ne, da shi take yi har yau, kuma ta ce yana da kyau. Ɗakin da muke kwana ni da Yaya ya cika da kwalaye, ba a yar da su, wai za su yi amfani. A karkace nake barci.

Mai faci na bakin layi, wanda ramin ya kashe wa kasuwa, kullum yana zaune yana kallona ina hawa ina sauka.

"Ɗan boko, yau me aka kawo wa masu gata?"

"Abin matse man goge baki."

"Hannunku ciwo yake?"

"A'a."

"To wallahi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai ka zama jakin kamfani, ko albashi babu."

Na wuce da kwalina. Gaskiya ba ta buƙatar amsa.

Yanzu ga inda abin ya taɓa ni. Na gama sakandare. Na zauna jarrabawar shiga makarantar gaba sau ɗaya, maki bai kai ba. Na yi shekara ina karatu a kan kwalaye. Bana an buɗe rajista, jibi ake rufewa. Yaya ya tara mini kuɗin, kaɗan-kaɗan, a lokacin da ba wanda yake kawo gyaran firij, don wa zai gyara firij ba wuta? Ya ce, "Kuɗinka na nan a banki, ko ƙuda bai taɓa su ba. Bari layin masu rajista ya ragu." Bankin kuwa shi ne wanda kamfani yake riƙe da katinsa. An ba kura ajiyar nama. Sabon farashin Ɗan Gata da kuɗin rajistata kamar tagwaye suke. Asusun kuma ba zai ɗauki biyu ba.

Da na ga haka, makon jiya na wanke ƙafa na tafi Ofishin Share Hawayen Mai Saye. Kuna tuna ranar da aka buɗe shi. An yanka kintinkiri, an yi jawabi, an ce daga yau ba ɗan kasuwar da zai ƙara ko ƙwandala sai ya yi bayani. Gini ne mai kyau, Allah ya saka. Janareta biyu, motoci jere a inuwa, titi sumul har bakin ƙofa. Na je in tambaya ko doka ta yarda kamfani ya sa hannu a asusun mutum bai sake tambayarsa ba.

Masinja na tarar yana gyangyaɗi a kan benci.

"Mai Girma Babban Mai Share Hawaye yana ciki?"

"Ya yi tafiya."

"Ina?"

"Taron tsadar rayuwa. A wani otal ne, can bakin teku."

"Mataimakinsa fa?"

"Shi ya riƙe masa jaka."

A bayan masinjan, jikin bango, kwalaye ne jibge har taga. Na gane tambarin. A kansa nake kwana.

"Oga ma Ɗan Gata ne?"

Ya buɗe ido sosai, kamar na zagi uban wani. "Gata? Oga Ɗan Lele ne. Kuma ofis ke biya, cikin kuɗin bincike. Ai sai ya ɗanɗana kafin ya san abin da talaka yake ji."

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya. Wannan ita ce sadaukarwa.

"To ƙorafina fa?"

"Ta intanet ake shigarwa yanzu. An ci gaba."

"Shafin ba ya buɗewa."

"Sai ka kai ƙorafi a kan hakan."

"A ina?"

"A shafin."

Ya koma barcinsa. Ban ga laifinsa ba. Shi kaɗai ne a ginin yake yin abin da ya zo yi.

A hanyar dawowa na tsaya na gaida ramin. Shi ma yana da nasa mai girman, Uban Ayyukan Alheri. Sau uku yana zuwa ƙaddamar da ramin nan, kowane zuwa ana gab da zaɓe, kowane zuwa da sabon shebur mai kintinkiri. Ya ɗebi ƙasa cokali ɗaya, a tafa, ya shiga mota. Zuwan ƙarshe ya ce kafin damina ruwa zai riƙa gudu a ciki kamar an kore shi. Bai yi ƙarya ba. Ruwa ya gudu, cikin ɗakin Umma. Ba na ƙorafi. Ba don shi ba, da ina zan sami motsa jiki?

Na gaya wa Umma komai. Ba ta san intanet ba, amma ta san ɗanta. Ta kira shi.

"Babba, ka fita daga ƙungiyar nan."

"Umma, ba ƙungiya ba ce. Tsari ne."

"Ko ma mene ne. Da can da ba mu da gata, me muka rasa?"

"Umma, ba ki ga sauƙin ba ne. Kina zaune a kawo miki."

"Ni ban ga an kawo ba. Ƙaninka nake gani yana fitowa daga rami. Ka fita, ka biya wa yaron nan kuɗin jarrabawa. Na gama magana."

Yaya ba ya musu da Umma. Muka zauna a kan benci, ni da shi, mu fita. Shiga dannawa ɗaya ce. Fita kuwa sai ka ce neman allura a cikin rairayi. Mun shiga nan, mun fita can. Suka tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Suka nuna masa hoton kwali yana hawaye. Ya daure. Suka tambaye shi laifin da suka yi masa. Ya daure. Saura dannawa ɗaya, sai suka rubuto cewa yana da sauran kwanaki a cikin shekarar da ya riga ya biya.

Yatsan Yaya ya tsaya a sama.

"Ka gani? Kwanakinmu ne. In na fita yau, na bar musu sadaka."

"Yaya, ko ka fita kwanakin naka ne. Ga shi a rubuce a ƙasa."

"Wa ya rubuta? Su? Ka yarda da su?"

A nan kaɗai ya ƙi yarda da su. Wurin da yardar za ta amfane ni.

"Ranar ƙarshe zan fita," ya ce. "Da yamma lis. Sai na tatse su tas. Ba za su ci ko kwana ɗaya nawa ba."

"Yaya, ka danna."

"Kai yaro ne. Ba ka san kasuwa ba."

Ya sa wayar a aljihu. Kullum tun daga ranar sai an kawo kwali, don a cinye kwanakin. Ranar ƙarshen da yake jira, gata ce, nan da kwana uku.

Yau, ina wanke ƙafata a bakin famfo bayan na fito daga ramin, wayarsa ta yi ƙara sau biyu. Na farko banki ne. Na biyu kamfani ne, da hoton balan-balan. Suna taya shi murna. Sun sabunta masa tun kafin lokaci, wai don kada gatansa ya yanke ko na minti ɗaya.

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya kira su. Wata murya ta ce kiransa yana da muhimmanci, ta sa masa kiɗa har katin wayarsa ya kusa ƙarewa. Da mutum ya ɗauka, ya ce za a duba, in an ga ya cancanta za a mayar masa cikin 'yan makonni. Yaya ya ce jibi ake rufe rajista. Mutumin ya ce ya fahimci damuwarsa, akwai wani abu kuma da zai taimaka masa da shi?

Ya kira mutum biyu da yake sa ran za su kawo gyara. Ɗaya ya ce firjinsa ya zama kabad ɗin takalma. Ɗayan bai ɗauka ba.

To mai karatu, ga amsarka. Zama Ɗan Gata ya kai kuɗinsa, in titinku sumul ne, kuma wani ne yake biya maka. In ba haka ba, garin neman gira za ka rasa ido. Mu namu idon ya tafi, amma muna da tabarau na yanka albasa.

Yaya ya zo ya tsuguna kusa da ni. Bai iya kallona ba.

"Baɗi ma shekara ce," ya ce a hankali. "Zan sa a kawo maka littattafai, sababbi, kyauta za a kawo. Kuma tsarin yana da kyau, wallahi. Duk abin da ka ga bai yi maka ba, sai ka sa a kwali ka mayar musu. Ba sa ko tambaya."

Umma tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago kai ba.

"To Babba, shekarar ƙaninka, a wane kwali za ka sa ta ka mayar?"