Yadda Za Ka Fente Madafa Bayan Ka Kusa Ƙone Ta

Idan uwargida ta tafi wankan gida, ka shiga madafarta ka yi aika-aika, kwantar da hankalinka. Ga hanyar rufe ɓarna da fenti, kuma tabbas tana aiki. An gwada ta a Tanut kan bangon Mushe Husaini, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, har yau kuwa da aurensa.

1. Fara da laifin

Kwana tara da tafiyar matarsa Raishatu Falanko da jaririyarsu Zuhaira, Husaini ya gaji da shinkafar bakin tasha, ya ce bari ya soya ƙwai. Ya ɗora mai a wuta, ya koma tsakar gida kallon kokawa a waya. Kafin a ka da wani, wuta ta lashi bango har rufi. Da yashi ya kashe ta. Da la'asar Raishatu ta bugo ta ce, "Kana dai cin abinci?" Ya ce lafiya lau, ko ƙofar madafa bai taɓa ba. Kai ma faɗi haka, ka riƙa maimaitawa kullum.

2. Nemi gwani, kada ka saurare shi

Jika mai fenti ya zo ya shafa bangon da yatsa, ya ce, "Mushe, shekara huɗu bangon nan yana shan hayaƙi da maiƙo. Kankare duk abin da ya tashi, ka wanke da omo da ruwan zafi, ka ɗauraye, ka bar shi kwana biyu ya bushe. Tsagar nan a cike ta da siminti. Sannan shafin farko, siriri."

Husaini ya yi ta gyaɗa kai. A ransa kuwa cewa yake, mutumin da ya shekara goma sha biyu yana koyar da lissafi ba zai tsaya yi wa bango wanka ba. Sallami gwani da godiya.

3. Lafta

Sayi shuɗi mai ƙyalli. Masana sun tabbatar baƙi yana tsoron kauri, don haka kada ka yi rowa. Husaini ya lafta shafi uku a wuni ɗaya, bisa kunkunniya, bisa maiƙo, har bisa yanar gizo. Ludayin da ke rataye bai sauke shi ba, zagaye shi ya yi.

4. Idan ya kumbura, ƙara

Bayan mako bangon ya fara fitar da ƙuraje, wani ruwan ƙasa-ƙasa yana tsattsafowa ta cikin shuɗin. Husaini ya ƙara shafi. Ya sake fitowa. Daga nan abinci ya daina yi masa daɗi. Yana gaban allo da alli a hannu, zuciyarsa tana madafa. Gobarar ba ta dame shi ba kamar maganar da ya yi ta nanata mata a waya wata guda cur.

5. Tarbe ta da fara'a

Ranar da ta dawo, ya ja ta har ƙofa ya ce, "Kwalliya na yi miki."

Raishatu ta tsaya tana kallo. Ta miƙa masa jaririyar, ta sa farce a ƙurji ɗaya ta ja. Fentin ya biyo hannunta kamu biyu, kamar ana feɗe ragon layya. Ƙarƙashinsa baƙi ƙirin.

"Baban Zuhaira, ka ƙone?"

Ya naɗe hannun riga ya nuna mata tabon. Ta riƙe hannun, ta daɗe tana dubawa.

"Kana fama da wannan, kana ce mini lafiya lau?"

Ya sunkuyar da kai.

"Me ka soya?"

"Ƙwai."

"Guda nawa?"

"Biyu."

Ta dubi rufin, ta dube shi, dariya ta ƙwace mata har sai da ta zauna bisa turmi.

6. Yanzu yi abin da Jika ya ce

Kwana shida aka yi. Raishatu ta kafa murhu a tsakar gida, ta ajiye kujera daidai ƙofar madafa. Husaini ya kankare, ya wanke, ya ɗauraye, ya jira. Matan unguwa masu zuwa barka kuwa, kowacce sai ta leƙa ta ce, "Sannu da aiki, Mushe," Raishatu ta ɗaga mata yatsu biyu. Fentin ya kama daram. An kuma kafa doka: ruwan shayi kaɗai aka yarda ya dafa, shi ma a waje.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan, shi ya sa kansa. Babu ruwana da bangonka, balle abin da za a faɗa a kanka a gidan suna. Masu yawo da zancen wai sun ga shuɗin fenti a bayan kunnena, su sani ni da Husaini unguwa kawai muka haɗa, da lakwal, da sunan mata.