Wayar Gajere Ta Je Biko

"Daga nan har Magarya babu mai kaina!" Haka Gajere, mai gyaran waya a kasuwar Dungas, yake faɗa kullum. Ni dai kan da na gani babba ne, amma abin da ke ciki, Allah masani.

Taswirar cikin waya ya yi wa ƙari. Duk inda ka isa, sai wayar ta yi maka gargaɗi da muryarsa. Bakin tasha: "Hattara da 'yan kabu-kabu!" Rumfar mahauta: "Ƙashi ya fi nama!" Ya kuma ɗaura mata wifi, ta riƙa raba gargaɗin ga wayoyin abokansa.

Akuyar matarsa Hinda ya sayar ya sayi wayar gwajin, ita kuwa ta yi yaji zuwa gidan ubanta a Mallawa. Kwana tara gogan naka yana cin garin rogo, sannan ya ɗauki abokansa Rabilu da Wada, da ƙullin goro, suka tafi biko.

"Ku dai ku yi shiru," in ji shi. "Minti biyar zan narkar da tsohon."

Rezo, wato sabis ɗin waya, a Mallawa sai a hankali, don haka wayar ba ta gane inda take ba sai da suka durƙusa gaban surukinsa Baba Adamu a zaure. Gajere ya sunkuyar da kai.

"Baba, Allah ya sani, ba ni da wanda nake girmamawa kamar..."

Aljihunsa ya ce, "Hattara! Ka iso gidan Tsoho Mai Rowa. Ɓoye goronka!"

Kai, ɗan'uwa, ni da aka ba labari ma sai da na ji kunya. Sarkin gwanaye ya lalubo wajen rage murya, ya danna na ƙarawa. Ya zauna a kan wayar, ta ci gaba daga ƙarƙashinsa. Da ƙyar ya kashe ta, gumi har gemu.

"Rediyo ce, Baba. Wasan kwaikwayo suke."

"To," in ji tsoho. "Ɗan wasan muryarku ɗaya."

Bai rufe baki ba wayar Rabilu ta ɗauka: "Tsoho Mai Rowa!" Ta Wada ta amsa: "Ɓoye goronka!" Wifi ya yi aikinsa tsakani da Allah. Rabilu ya tuna ya bar babur a rana, Wada ya bi shi taya shi tunawa. Daga cikin gida aka jiyo Hinda tana cewa, "Baba, akuyata ce ke magana!"

Baba Adamu ya jawo goron, ya tura aljihu, ko ɗaya bai miƙa wa kowa ba.

"Gajere, wannan abin naka yana nuna hanya kuwa?"

Ai sai wawan ya washe baki. "Ko'ina, Baba! Ni na haɗa shi!"

"Madalla. Kunna, ka tambaye shi hanyar Dungas. Ka ce masa ta mutum ɗaya."